Hannun Mama a Cikin Kwamfuta

Kwamfutata ta wancan lokacin tsohuwa ce, ta hannu na saye ta a wajen wani mai gyara a Gonin Gora. Da ta fara nauyi, wani abokin karatuna ya goge duk abin da ke cikinta, ya zuba mini wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, irin wanda masu shi suka bar shi a buɗe, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. Ta farfaɗo kuwa, muka ci gaba da zama lafiya, sai ranar da na sa a raina zan zana injin tsaga citta.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, citta muke nomawa. Idan an haƙo ta, sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya an tsaga da wuƙa kafin a shanya. Mama ta fara wannan aikin tun ba a haife ni ba, ga shi sanyin ƙashi ya soma lanƙwasa mata yatsu. Likita ya ce ta ajiye wuƙa. Ita kuma ta ce to likitan ya zo ya tsaga mata. Abin yana ci mini rai, ni da aka tura birni na karanta injiniyanci.

Manhajojin da aka koya mana a makaranta, masu zana abu da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa har mutum ya juya shi ya ga bayansa, ba sa hawa tsarin nan nawa. Kuɗinsu kuma ba na irinmu ba ne. Na je kasuwa wajen masu sayar da na bayan fage. Wanda na samu ya danna nan, ya danna can, ya ɗago ya dube ni da tausayi.

"Madam, wannan kwamfutar taki ba irin ta mutane ba ce."

Daga nan na koma ofishin wata ƙawata a Mahuta, inda aka ba su wata manhaja ta gwaji. Na yi nisa da zane, na gama wuƙaƙen, na fara mazurarin da za a zuba citta. Wata safiya na zo na tarar wa'adin gwajin ya ƙare, aikina yana ciki a kulle, sai an biya a buɗe. Na yi fushi sosai, har ƙawar tawa ta tashi ta sayo mini kunun zaƙi don in yi shiru.

A wani zauren intanet na ga ana maganar wata manhaja ta kyauta da masu sa kai suke ginawa, kuma tana hawa tsarina. Ba ta da kyan gani, ga taurin kai. In na matsa mata sai ta rufe kanta ba sallama. Na zage ta, na roƙe ta, a hankali na gane halinta, na koyi adana aiki kafin ta yi zuciya. Da ita na sake zanen tun daga farko.

Ana cikin haka Mama ta zo ganin likita, ta sauka a ɗakina a Unguwar Boro. Na nuna mata zanen a takarda, ta ture shi gefe. Ƙanwarta ta rasa yatsu biyu a injin markaɗe, tun lokacin ba ta yarda da duk wani ƙarfe mai juyawa ba.

"Yatsuna sun karkace, amma dai suna nan," in ji ta.

Sai na buɗe kwamfutar, na juya mata injin a allo, na cire murfinsa ta ga cikinsa. Ta matso da kujera.

"Ina wuƙar take?"

Na nuna mata.

"In na tura citta, hannuna zai kai can?"

"Ba zai kai ba, Mama."

"Ke kika faɗa."

Na fita na aro tef ɗin awo wajen telar da ke maƙwabtaka da ni, na auna hannunta daga gwiwar hannu zuwa kan kowane yatsa, na zauna na zana shi a kwamfutar. Da ta gani ta girgiza kai.

"Wannan hannun budurwa ne. Nawa ba haka yake a miƙe ba."

Na bi yatsun na lanƙwasa su yadda nata suke, tana tsaye a kaina tana gyara mini, musamman manuniyar dama da ta fi karkacewa. Sannan na ɗauki hannun na cusa shi cikin mazurarin iya inda zai shiga. Ya tsaya da sauran tazara kafin wuƙa. Ta sa na juya ta gani ta ƙasa, ta gani ta gefe.

"To, kai wa mai walda," ta ce.

Wani dattijo a Makera ne ya haɗa mana shi. Kakar da ta biyo baya Mama ta zauna a kan kujera tana zuba citta a mazurari, tana yi wa masu shanya faɗa. Wuƙarta ta koma yankan albasa.

Yanzu Mama ta rasu, injin yana wajen yayana a gida. Kwamfutar ma ta mutu, na sake wata, na zuba mata tsarin nan da manhajar nan mai taurin kai. Wani lokaci idan kewa ta kama ni nakan buɗe zanen, in ɓoye injin gaba ɗaya, in bar hannun shi kaɗai ina juyawa. Babu wanda ya taɓa cewa in biya kafin in gan shi.