Dabinon da Baffa Ya Kawo

Da hannuna na yi wa 'yata ɗuren zuma tana da wata takwas. Na matse ƙafafunta a tsakanin cinyoyina, na toshe mata hanci, mahaifiyata tana zuba mata da ludayi. Ba a jima ba ta fara amai, gumi ya jiƙe ta, idanunta suka kakkafe. Inna ta ce ai ciwon ne yake fita.

Rake nake nomawa a fadama kusa da Ƙarfi, ina dafa mazarƙwaila ina kaiwa kasuwar Funtua. Matata 'yar baffana ce. Ɗanmu na fari ya rasu jim kaɗan bayan an fara ba shi koko da sukari, ciki a kumbure, ido rawaya, aka ce shawara ce. Da ta biyu ta kama hanya ɗaya, sai na ɗora wa uwarta laifi, na ce ba ta iya raino ba. Ranar da ta fizge yarinyar daga wurin ɗure tana cewa nono kaɗai ke zama a cikinta, na mare ta har leɓenta ya fashe. Ba wanda ya ce mini kul.

A Zariya muka san gaskiya, bayan an kwantar da yarinyar an yi ta ɗibar jini. Wata likita ta zaunar da mu, ta ce hantar yarinyar ba ta iya sarrafa zaƙin da ke cikin sukari da zuma da rake da 'ya'yan itace. Gado ne daga ni da uwarta duka, kuma babu wani magani sai kiyaye abin da take ci. Na tambaye ta ko zumar da muka yi ta ba ta ta ƙara mata ciwo. Ta ce, "Malam, a lokacin ba ka sani ba. Yanzu ka sani."

Muka dawo gida aka ware mata tukunya. Tuwon shinkafa da miyar alayyafo, ba tumatir ba albasa. Ƙwai, nama, nonon da ba a sa masa komai ba. Ko maganin tari na ruwa ba ta sha sai an duba takardarsa. Garin gulukos ne kaɗai zaƙin da aka yarje mata, yana ɗaure a leda a ɗakin uwarta saboda ko-ta-kwana. Na kwashe kaskon mazarƙwaila daga gida na mayar fadama. Yarinya ta yi ƙiba, ta yi ƙafa, ta yi baki.

Ni kuwa sai na zama abin tsoro a unguwa. Na taɓa kifar da farantin wata mai tallan alawa don kawai ta tsaya a ƙofar gidana. Na yi cacar baki da maƙwabta, na zagi ƙanwata a gidan suna. A zuciyata ina ganin tsaro nake yi.

Yarinyar tana da shekara huɗu Baffa, mahaifin matata, ya dawo daga aikin hajji. Bayan la'asar gidansa ya cika da 'yan barka. Ina waje ina shimfiɗa wa baƙi tabarmi na ji kukanta. Na shiga na tarar da ita a cinyarsa. Ya jiƙa dabino a ruwan zamzam ya dama, ta ƙi sha, shi ne ya toshe mata hanci ya ɗura mata. Kofin saura kaɗan.

Ya ɗago ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Dabinon Madina ne, ɗana. Waraka ne, ba ya cutar da kowa."

Mutumin nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya ba ni 'yarsa. Na janye yarinyar, na naushe shi a fuska. Hularsa ta yi gefe, ya faɗo daga kan kujera ya bugi gefen dakali, na ji ƙashin ƙugunsa ya yi ƙara. Ban tsaya ba. Na yi ta harbinsa da ƙafa yana kare kansa da hannu, farar rigarsa duk jini, mata suna ta salati. Babban ɗansa ne ya sauke mini taɓarya a ƙeya, na kife a kan kwanuka.

Matata ba ta dubi ubanta ba, ba ta dube ni ba. Ta ɗauki yarinyar da ta fara rawar jiki, ta dama gulukos ta ba ta tun tana iya haɗiya, ta fita titi ba mayafi ta tsayar da mai babur. Kwana uku suka yi a asibiti a Malumfashi, yarinyar ta tashi.

Baffa bai ƙara tafiya ba sai da sanda. Dangi sun so a raba auren, shi ya hana. Da na je na durƙusa a gabansa, ya ce ya yafe, amma kada in ƙara wuce zaurensa. Ya sa 'yarsa ta lissafa masa abin da jikarsa ke iya ci, duk ranar kasuwa yana aiko mata da dafaffen ƙwai, har Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu shekarun yarinyar goma sha ɗaya. Da kanta take karanta bayan kwalin magani, da kanta take gaya wa mutane cewa ba ta cin zaƙi, cikin ladabi, kuma suna ji. Idan na ɗaga murya a gida, ko da akuya nake kora, sai ta ajiye abin da take yi ta shige ɗakin uwarta ta tura ƙofa.