Gwiwar Lisiate

Lisiate Vakalahi ɗan Tonga ne, haihuwar yammacin Sidni, ubansa mahauci a kamfanin nama. Shekara goma sha uku yana buga wa ƙungiya ɗaya ƙwallon zari-ruga, kuma ba ya cikin waɗanda ake liƙa hotonsu a bango. Aikinsa ya rungumi ƙwallo ya afka wa ƙarti uku, ya tashi, ya sake.

Dokar gasar ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe kan albashin 'yan wasa a shekara. Shi ya sa shekara uku baya aka lallaɓe shi ya karɓi kaɗan, don a samu sararin sayen wasu, a shekarar ƙarshe a cika masa. Bawan Allah ya yarda.

To, shekarar ƙarshe ta zo, sai ga manaja, Mista Pellow, da takarda da murmushi har kunne.

"Lisi, ɗan'uwana, ko sisi ba za a taɓa maka ba. Likita zai rubuta gwiwarka ta gama aiki, ka yi ritaya. Albashin wanda rauni ya ajiye ba ya shiga lissafi, mu kuma mu ɗauko wani mai gudu daga Birisben."

"Wace gwiwar? Wadda ta ture maka mutum uku ranar Asabar?"

"Haba, kowa na yi! Ka kwanta gida ka ci kuɗinka."

"Wato in sa hannu ni gurgu ne don lissafinka ya daidaita."

"In ka ƙi, ƙaramar ƙungiyarmu za ka koma. Ba talabijin, ba kowa."

Ran Lisiate ya ɓaci ƙwarai. Ya tura masa takardar da yatsa ɗaya. "Ƙarfe nawa suke atisaye?"

Haka ya ƙare shekarar a filayen unguwa, 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba, rabinsu danginsa ne da kulolin rogo da naman rago. Mai gudun nan ya tafi wata ƙungiya, babbar ƙungiyar su Lisiate ta faɗi warwas, magoya baya suka yi ta zaginsa a kanti wai son kai gare shi. Zagin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba. Amma wasa ashirin da biyu aka buga, ko ɗaya bai tsallake ba.

Ranar ƙarshe ba wanda ya zo daga ofis, balle a yi masa bankwana. Alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, Lisiate ya kwance takalmansa, ya rataya su a wuya, ya fita daga filin da gudu.