Maɓallai Bakwai na Yaya Hajo

Ranar wata Juma'a ce da hantsi, a kakar da na shiga aji uku, Yaya Hajo ta kama ni a bayan rumbu da reza a hannu, ɗan bargonta shimfiɗe a kan cinyata. Na riga na yanke maɓallai bakwai, suna cikin bakina don kada su faɗi.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Zurmi. Hajo ita nake bi, shekara biyu ta ba ni. Tun farkon damina take tara ƙyallayen da telan unguwarmu ke zubarwa, ta wanke su, ta haɗa su a kan tsohon zanen Inna, ninki uku, girmansa bai fi na ɗaukar jariri ba. Jaririn da Inna ke ɗauke da cikinsa take yi wa. In ta gama surfe da ɗebo ruwa sai ta zauna gindin ƙirya tana bin kowane ƙyalle da jan zare, ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa. A tsakiya ta jera maɓallan da ta cire daga tsofaffin riguna, da waɗanda Baba ke tsinto mata a tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Kowanne ta san inda ya fito.

Mu kuwa yaran makaranta wasa muke da maɓalli. A zura zare cikin ramukansa, a murɗa, a ja, ya riƙa juyawa yana kuwwa, sai a kara da na wani har zaren ɗaya ya tsinke. Nawa kullum ake tsinkewa, kuma maɓallan bargonta manya ne.

"Mi kake yi, ɓarawon banza?" ta ce, ta damƙi kunnena ta murɗe. Na tofa mata maɓallan a fuska, ta mare ni, na cije ta a damtse har na ji gishirin jini. Muka yi ta birgima cikin ƙaiƙayi, kaji na watsewa. Ta fi ni ƙarfi, ta danne ni, ta ƙwace bargon ta ruga tsakar gida. Na bi ta. Ta yi tuntuɓe ta dafa bakin turmi, ni kuma taɓarya ce ta zo hannuna. Ban yi tunani ba, na ɗaga na sauke. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara ce. Hajo ba ta yi ihu nan take ba, kallon hannunta ta tsaya yi, yatsu biyu sun juya baya, jini na ɗiga kan jan zaren.

Baba ya ɗaure ni a turken jaki ya zane ni da tsumagiya har ta kakkarye. Ban manta zafin ba, amma maganar Inna ta fi zama mini: "Hannun da ke tuƙa maka tuwo ka karya?" Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsun suka warke a karkace. Hajo ba ta ƙara riƙe allura ba. Ni kuma da na sha duka sai na ɗauka na biya, ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Na girma, na koma Kaura, na yi jikoki, ban ce ba.

Bara 'yan bindiga suka ƙone ƙauyenmu. Hajo ta iso gidana ba takalmi, da ƙunshi ɗaya a ka. Da ta kwance, sai ga bargon, ya koɗe, tabon jinin ya zama ƙasa-ƙasa, gurabe bakwai na nan da guntayen zare.

"Yaya, ba ki sa an cike su ba?"

"Wanda ya cire nike jira," ta ce.

Da rumbunmu da ƙiryar da turmin duk sun zama toka, wannan ƙyalle kaɗai ya rage daga gidan Baba. Na yanke maɓallan rigunana, na zauna gabanta ina ɗinka su a guraben, na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma in gyara na huɗun, ya karkace. Idona ya yi rauni, sai da na zura zaren sau biyar.