Kwamfutocin Pak Darmuji

Pak Darmuji shagon intanet gare shi a unguwarmu ta bakin teku a garin Pekalongan na Indonesiya, ni kuma a ƙofarsa nake sayar da shinkafa da soyayyen tempe, wato wainar waken suya. A da sai an yi layi kafin a samu wurin zama a shagon. Da kowa ya mallaki waya, sai shagon ya koma wurin barcin kuliyoyi.

A lokacin ne ya gano wani shafi na masu bincike. Buɗe shi kawai za ka yi ka bar shi, kwamfutarka ta haɗu da na dubban mutane suna yi musu lissafin neman maganin zazzaɓin dengue. Ya buɗe shi a duk kwamfutocinsa.

Na ce, "Pak, biyanka suke yi?"

"A'a, Mbak Tumini. Aro na ba su."

"Aron da kai ke shan zafin kuɗin wuta?"

Ya yi murmushi. "Tun da na sayo su, wasan harbe-harbe kaɗai suka sani. Bari su yi abin kirki kafin su mutu."

Mutuwar kuwa ba ta yi nisa ba. Teku ya fara shigo mana unguwa, tun yana tsayawa a idon sawu har ya kai gwiwa. Ya ɗora teburan a kan bulo, amma iskar gishiri ta riƙa cinye kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta mutu sai ya ciri kayanta ya gyara wata.

Matarsa, Bu Warsiti, ta gaji da kwalfe ruwa. Ta ce su koma Wonosobo, can kan duwatsu, wurin yayanta mai gonar dankali.

Ya ce, "Bu, ki bari a gama binciken."

"Masu binciken sun san da kai ma?"

Ta haɗa kayanta ta tafi ita kaɗai.

Bayan damina, wata rana da hantsi ya kira ni ciki. Shafin ya daina lissafi. An rubuta cewa tallafi ya ƙare, ana godiya ga duk wanda ya taimaka. Ya aika saƙo yana tambayar ko an dace da wani abu. Ba a ba shi amsa ba. Ya jima yana leƙa shafin kowace safiya, daga baya ya kira mai gwangwan ya kwashe komai.

Ya bi matarsa. Ta karɓe shi ba tare da gori ba. Yanzu buhunan dankali yake ɗauka, ga ciwon gwiwa da sanyin dutse ya sa masa.

Da ƙaramar salla na kai musu ziyara. Ya rame, magana ma sai an ja shi. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya tambaye ni ko har yanzu ruwa na shiga masallacin unguwa. Na ce masa ai an daina salla a can.