Fanka Biyu a Ɗakin Maɗori

Babur ne ya buge ni a hanyar Akurba, ina tura kurar jari-bola. Ƙafar hagu ta karye a ƙasan gwiwa, ƙarfe kuma ya yage min naman sha-raɓa. Aka kai ni gidan maɗori. Ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure. Ya ce kwana arba'in ba tashi.

Ɗakin da ya sa ni na bayan gida ne. Rufin kwano, babu silin, taga ɗaya ƙarama. Bazara ce. Daga hantsi kwanon yake fara gasa mutum. Mu biyu ne a ciki, ni da wani tsoho manomi daga Doma, wanda ya faɗo daga tirela ya karya ƙugu. Baba nake ce masa.

Kwana na huɗu maɗori ya sunkuya ya sansana ƙafata.

"Zufa na shiga ciwon nan," in ji shi. "Ƙashi ni na iya. Nama in ya ruɓe, sai asibiti, su kuma zarto ne da su. Ka nemi iska."

Ban yi makaranta ba, amma na shekara goma sha ina fasa kayan wuta, kuma ina gane lamba. Na sa matata ta kawo min buhun da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai akwatin wutar wata matacciyar firinta, da ƙananan fanka uku na cikin kwamfuta. Na haɗa ɗaya kai tsaye, matata ta sa a soket. Fankar ta yi ihu kamar za ta tashi sama, ta yi hayaƙi, ta mutu.

Baba ya yi dariya har ƙugu ya tuna masa.

"Injiniya! Ka bar mana kwanon dai, kada ka ƙone shi."

Sai a lokacin na duba. Jikin akwatin 24, jikin fanka 12. Wutar ta ninka abin da take iya sha. Na ɗauki biyun da suka rage, na ɗaura baƙar wayar ta farko da jar wayar ta biyu, don su raba wutar tsakaninsu. Suka tashi lafiya lau, ba ihu.

Da so samu ne duk biyun su hura ƙafata. Amma soket ɗin a saman kan Baba yake, kuma nan yake sa rediyonsa.

"Rediyo ya fita, iska ta shigo," in ji shi. "Ɗaya taka, ɗaya tawa."

Matata ta rataye tasa a ƙusa a saman shimfiɗarsa, tawa a gefen ƙafata. Da safe ta kunna, ta tafi tuyar ƙosai da awara a unguwar Azuba, sai la'asar ta dawo. Soket ɗin ya yi sama, babu mai kai hannu a cikinmu. Maɗori kuma da hantsi yake tafiya gona da iyalinsa.

Na faɗa wa Baba tun ranar farko.

"Kada ka taɓa taka. In ta tsaya, wutar kan tawa za ta koma."

"To ni da fanka kokawa zan yi?"

Haka muka yi kusan wata. In akwai wuta mu sha iska, in babu mu dafu. Ba ma hira sosai. Yakan ba ni labarin doyarsa da ba a shuka ba, ni kuma in ce to. Ciwon ya fara bushewa daga baki-baki.

Ranar kwana na talatin da ɗaya zazzaɓi ya kama shi. Rana tsaka, kwano na ƙara don zafi, shi kuwa haƙoransa na kaɗawa.

"Ɗana, kashe min abin nan. Sanyi na shiga ƙashi."

"Rufa da zane, Baba."

"Na rufa."

"Yi haƙuri zuwa la'asar."

Ina jin tabarmarsa na motsi. Na juya kai, na gan shi ya ɗaga sandarsa yana neman fankar.

"Baba, kada!"

Ya cusa kan sandar a cikin fukafukin. Tasa ta tsaya. Tawa ta fara wannan ihun da na sani. Mahaɗin wayar, wanda na naɗe da salatif, yana kusa da hannuna. Na fizge shi. Amma na riga na ji ƙauri.

Ɗakin ya yi tsit. Na zage shi. Ba zan ɓoye ba, na zagi tsoho mai jikoki, zagi na tasha. Bai rama ba. Yana ta rawar sanyi yana kiran sunan wani da ban sani ba. Ni kuma zufa na gangarawa cikin karan ɗori, ina jinta kamar kiyashi, ba halin sosawa. Tsakanina da shi taku uku ne. Ba zan iya kai masa ruwa ba, ba zan iya marinsa ba.

Da la'asar 'ya'yansa suka zo da mota suka kai shi asibiti. Suna fitar da shi ya kalle ni.

"Ta lalace?"

"A'a," na ce. "Allah ya ba da lafiya, Baba."

Ta lalace. Na mayar da wayar, tawa ta yi juyi biyu ta tsaya. Tasa ce kawai mai rai, kuma ita kaɗai ba ta ɗaukar wutar. Matata ta zagaya wurin abokan sana'ata, ta samo wata babba. Na gwada. Ba su yi daidai ba, ƙaramar na gudu kamar mahaukaciya, babbar na jan jiki. Na cire kafin in rasa ta ƙarshe.

Matata ta ajiye kaskon tuya ta zauna da mafici. Daga hantsi har la'asar, in wannan hannu ya gaji ta koma wancan. Zufa na ɗiga daga haɓarta. Na ce ta tafi, ta ce in yi mata shiru.

Bai isa ba. Bayan kwana uku na ji warin da kaina tun maɗori bai shigo ba. Ya tsuguna, ya ɗaga kara ɗaya, ya ga mugunya. Ya daɗe yana kallo.

"Saura kwana shida," in ji shi. "In na bar ɗaurin, ƙashi zai miƙe, amma ban san abin da naman zai zama ba. In na kwance yau ciwon zai sha iska, a wanke shi, amma ƙashin ɗanye ne, zai karkace. Ƙafarka ce."

Matata ta tsayar da mafici.

"Karkatacciya tana taka ƙasa?" na tambaye shi.

"Tana takawa."

"Kwance."

Ya ciro wuƙa ya fara yanke igiyar daga ƙasa.