Satin Da Na Hana Gaisuwa

Cocinmu na Panshekara ba babba ba ne. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, kuma a shekarar da nake ba da labarinta rabin bencinan babu mai zama a kansu. Ba wai mutane sun bar Allah ba ne, kamfani ne ya raba mu. Wannan yana aikin safe a Sharada, wancan yana aikin kwana a Challawa, wani kuma hutunsa sai Talata. Ana cikin haka manya daga cikin gari suka aiko wa Fasto cewa in ba mu ƙaru ba kafin ƙarshen shekara, za a haɗe mu da babban coci na Sabon Gari. To wa zai riƙa kai tsofaffinmu Sabon Gari duk Lahadi? A wurinsu dai an rufe coci ke nan.

Ni ce sakatariya, saboda ina aikin ofis a wani kamfanin roba kuma ina da babbar waya. Sai na buɗe mana guruf, wato dandalin saƙonni a waya. Niyyata sanarwa ce zalla: lokacin sujada, ranar koyon waƙa, wanda zai yi karatu. Har dokoki na rubuta, guda bakwai, kowace da lambarta.

Ashe mutanenmu da tasu niyyar. Yawancinsu ba sa rubutu, danna waya suke su yi magana. Da ƙarfe shida na safe, lokacin da masu aikin kwana ke karɓar wayoyinsu a wurin mai gadi, Mama shugabar zumuntar mata za ta buɗe fage.

"Salama, jama'ar Allah. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya yara? Waɗanda suka kwana a kan inji, sannunku da aiki."

Kowa sai ya amsa mata, kuma wanda ya amsa sai ya gai da na bayansa. Kafin in gama shan koko saƙon murya ya cika min waya, babu ko ɗaya mai ɗauke da labari. Datata tana ƙarewa, haƙurina yana bin ta. Ni dama ba gwanar doguwar gaisuwa ba ce, tun ina ƙarama ake ce min mai gajen haƙuri.

Amma coci yana ƙaruwa, wannan ba zan ɓoye ba. Wani zai haɗu da ɗan'uwa a wurin aiki, wanda ya zo daga ƙauye bai san akwai coci a kusa ba, sai a turo min lambarsa in saka shi. Kafin awa guda an yi masa caa. Ɗan wane gari ne? Wane gida? Mama ba ta taɓa rasa dangantaka ba. In ba ta san uwarka ba, to ta taɓa sayen daddawa a wurin gwaggonka. Ranar Lahadi mutum zai shigo yana gane mutane da muryarsu. Ni kuwa duk a zatona hotunan sanarwar da nake tsarawa ne ke jawo su, masu furanni da aya a ƙasa.

Abin da ya tunzura ni ƙarami ne. Na sanar cewa an mayar da koyon waƙa ranar Alhamis, gaisuwa ta binne sanarwar, na je na zauna ni kaɗai da makulli a hannu har awa guda. A nan bakin ƙofar na ciro waya na kulle guruf, ya zama ni kaɗai ke iya magana. Washegari na tashi na tarar da wayata shiru, na ji daɗi har cikin raina. Fasto mutum ne mai sanyi, ya ce, "To, kin fi mu sanin waya." Da ina da wayo da na ji tsoron Mama tun a lokacin.

A cikin satin ne wani mawaƙinmu ya turo lambar wani dattijo, ɗan dako a wani sito a Dakata, bai daɗe da zuwa daga wajen Tudun Wada ba. Na saka shi, na rubuta masa barka da zuwa, na ce ya karanta dokoki. Bayan kwana uku na ga ya fita. Na ɗaga kafaɗa na ci gaba da aikina.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta yafito ni.

"'Yata, ina baƙon da aka ce an saka?"

"Ya fita, Mama."

"Wa ya gaishe shi?"

Na ce na rubuta masa. Ta dube ni yadda ake duban miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba.

"Gobe ki je ki same shi."

"Mama, ai kun san ina da aiki."

"Ƙarfe huɗu kike tashi. Zumunta a ƙafa take."

Haka na hau adaidaita sahu ranar Litinin, daga Sharada har Bompai, daga nan Dakata, muna kutsawa tsakanin tireloli ina ta tsaki. Da tambaya na same shi a bakin famfo yana wanke ƙafa, sun gama sauke kaya shi da abokan aikinsa. Na faɗa masa kai tsaye.

"Baba, ni ce sakatariyar coci, na zo ne a kan maganar..."

"Ina wuni, 'yata?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, da Fasto da iyalinsa, alhali bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Duk na amsa, don babu hanyar gudu. Sai da ya gama tsaf ya juya min wani bokiti na zauna, sannan na samu na tambaye shi dalilin fitarsa.

"Ni ban iya karatu ba," in ji shi. "An ce min in na shiga zan ji 'yan'uwa. Kwana uku ina kara waya a kunne, shiru. Na ce ko rasuwa aka yi musu? Sai na tuna ko a gidan makoki ana gaisawa. Na ce to ba sa bukatar baƙo ne, na roƙi wani ya fitar da ni."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa ba laifinsu ba ne, ni ce na kulle bakin kowa.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kaɗai? Lalle kina da ƙarfi. Gobe ki zo mu ɗauki buhu."

Abokan aikinsa da ke alwala a gefe suka fashe da dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba. Na ce ya yi haƙuri in mayar da shi.

"Buɗe tukuna," in ji shi. "Ki gaishe su ina ji."

Tun da na kafa guruf ɗin ban taɓa aika murya ba, ko sau ɗaya. Na buɗe shi, na danna wurin ɗaukar murya. Na ce ina wuninku, ina gajiya, yaya gida. Na rasa abin da ke biye, Baba ya raɗa min, "Yara." Na ce yaya yara.

Ko minti biyu ba a yi ba Mama ta amsa.

"Lafiya lau, 'yata. Ashe kina da murya. Miƙa wa baƙonmu waya."

Bayanta kuma sai ga su kamar an ɓalle ruwa, masu tashi daga aiki, masu shirin shiga, har Fasto. Baba ya riƙe wayata da hannu biyu yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan rusunawa ga waɗanda ya ji muryarsu ta manya ce. Kafin a jima Mama ta gano cewa mijinta ya taɓa noman rani a garin su Baba. Ina zaune a kan bokiti datata tana ta tafiya, kuma a karon farko ban ji zafin tafiyarta ba.

Can ya rufe bakin wayar da tafin hannunsa, ya juyo gare ni.

"'Yata, ƙarfe nawa ake shiga ranar Lahadi? Mu shida ne, har da mai ɗakina."

Sau huɗu na rubuta wannan sanarwar a cikin satin. Na faɗa masa da baki.