Lanƙwasar da Mushe ya manta

Cikina na fari bai cika wata uku ba ya zube. Muna Gure lokacin, a shekarun nan da malaman lakwal, wato makarantar boko, suka fi zaman gindin bishiya a kan zaman aji saboda yajin aiki. Maigidana yana cikinsu. Kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci, har ni, har uwar da ta haife shi.

Sajfam, wato ungozomar asibitin haihuwa, wata doguwar Bazabarma mai Hausa a karkace, ita ta wanke ni. Da ta gama sai ta daɗe tana juya abin da ya fita a cikin tasa. Ta ce ta ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar geron da ya kwana a ruwa, hankalinta bai kwanta ba. Akwai ciwon da ke kwaikwayon ciki, in ji ta: al'ada ta ɗauke, amai ya zo, amma babu ɗa, tsiro ne kawai, kuma in aka ƙyale shi yana iya zama mugun abu. Ido ba ya rarrabe su. Sai an yanka naman siriri an duba a madubin likita, kuma Yamai kaɗai ake yin haka. Ta sa shi a kwalba, ta zuba wani ruwa mai hawa ido da ke hana ruɓewa, ta naɗe kwalbar da takardar bayani.

"Kada ki sake ɗaukar ciki sai rezilta ta zo. Kin ji, Madam?"

Na ji. Surukata, Inna, ita ma ta ji, ta kuma yanke hukunci tun kafin Yamai: ai dama ba ciki ba ne, kumburi ne ya sace. Saboda haka ba wanda ya yi mini sannu irin ta wadda ta yi rashi. Ni kaina ban san ko ɗa na rasa ko cuta na rabu da ita ba, shi ya sa na kasa kuka. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Mushe ya sa kwalbar a kwalin sukari, ya ɗaure da igiya, zai aika wa yayansa da ke aikin masinja a wani ofis a Yamai, shi ya kai asibiti. Saura wasiƙa. Mutumin da ke rubuta wa sufeto shafi shida da Faransanci ba tare da ya ɗaga kai ba, ya zauna yana zufa. Ta yaya zai faɗa wa yayansa cewa matarsa ta yi ciki, da duk abin da hakan ke nufi? Ya yaga takarda uku. Ƙarshe ya ɗauki bik ya rubuta kalma ɗaya a bayan kwalin, da Hausa, ya kai wa direban motar Damagaram mai wucewa Yamai. Ban ga abin da ya rubuta ba.

Ni ajin yaƙi da jahilci na yi a Gidigir, inda aka koya mana haruffa masu lanƙwasa, su ɓ da ɗ da ƙ. Mushe kuwa haruffan da suka yi hatsarin mota yake ce musu. A ganinsa, abin da Faransanci bai buƙata ba, duniya ba ta buƙata.

Wata biyu, shiru. Wata huɗu, shiru. Mushe ya zagi likitocin Yamai, ya zagi gwamnati, ya haɗa da dimokuraɗiyya. Da na matsa masa ya je gidan waya ya kira yayan. Bayan sun gaisa har kan awakin gida, ya ce, "Saƙo ya iso?" Aka ce, "Ya iso lafiya lau, yana hannu." Kowa ya ajiye waya yana jin ya sauke nauyi. Ni ko ina haɗiyar ƙwayar hana ɗaukar ciki a ɓoye, Inna tana duban cikina kafin ta dubi fuskata.

Da babbar salla Yaya ya zo gida. Bayan an ci nama, muna zaune a tsakar gida, ya buɗe jakarsa ya fito da kwalin sukari, da igiyarsa yadda aka ɗaure ta.

"Ga ajiyarka, ƙanena. Ka ce a bari, na bari. Saman kabad na ɗora shi, ko yara ban yarda sun taɓa ba."

A bayan kwalin, da manyan baƙaƙe masu kyan gaske, an rubuta BARI.

Dariya ta kama ni, irin mai ciwo a ƙirji. Na zare bik daga aljihun Mushe, na yi wa harafin farko lanƙwasarsa, na miƙa wa Yaya kwalin da hannu biyu.

"Yaya, ɓari na yi. Abin da ya fita ne a ciki, asibiti za a kai."

Yaya ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Mushe ya miƙe ya ce bari ya duba ragon, ragon da muka riga muka cinye rabinsa.

Kwalbar ta sake hawa mota. Wannan karon ba a yi wata ɗaya ba ambulan ya iso. Mushe ya karanta da ƙarfi sau uku, da murya irin ta gaban aji, sannan ya yarda cewa wannan ba Faransancin da ya sani ba ne. Muka kai wa sajfam. Ta duba, ta cire tabarau.

"Ciki ne na gaskiya, Madam. Ba tsiro, ba ciwo. Ɗa ne ya fara, bai zauna ba. Ki bar ƙwayar in kina so."

Mushe ya yi ta hamdala har gida, yana ba kowa labari kamar shi ya duba madubin. Ni na shige ɗaki. Can sai ga Inna ta ɗaga labule, ta zauna a bakin tabarmata.

"Ashe jika na rasa," ta ce. "Sannu, 'yata. Allah ya ba ki haƙuri."

Wata bakwai ke nan da zubewar cikin. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan ɗana.